Motar da Ta Kwana a Shinkafi

A filin sayar da motocin hannu na Ƙauran Namoda Armiya'u ya fara ganinta. Shi ba mota ta kawo shi ba, faci ake yi wa babur ɗinsa a gefe. Sai idonsa ya faɗa kan wata doguwar yarinya cikin farin hijabi irin na ma'aikatan asibiti, tana shafa ƙofar wata ƙaramar jif kamar ta riga ta zama tata.

Ya so ya kama bakinsa, bakin ya ƙi kamuwa.

"Baiwar Allah, in sayenta za ki yi, taɓa bonet tukuna."

Ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta taɓa, ta janye hannu da sauri. "Da zahi!"

"To, tun da sahe anka tashe ta don ta ɗumama. Motar da ba ta da abin ɓoyo, ba a ɗumama ta kamin mai saye ya zo."

Ya ɗaga bonet, ya kwance murfin baƙin mai, ya nuna mata farin kumfa ya daskare a jiki kamar kindirmo. Ya ce ruwa na shiga inji, gaskit ya ƙone.

"Kai makanike na?"

"Malamin makaranta ni ke. Irinta ta koya min karatu. Na taɓa sayen guda, ta cinye min albashi tas, ta maishe ni bisa babur."

Ta yi dariya har da rufe baki, Armiya'u kuwa ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Bai gama jin daɗin ba wata murya ta katse shi.

"Wa yab ba ka izinin buɗe min mota?"

Wani saurayi ne cikin shadda mai maiƙo, yana juya makulli a yatsa, turarensa ya riga shi isowa.

"Yi haƙuri, Yaya Dalhatu, ni na sa shi," in ji ta.

Sa'adatu sunanta, 'yar Alhaji Isah mai fataucin shanu a Shinkafi. Ungozoma ce a ƙaramin asibitin Birnin Tsaba, babur ɗin kabu-kabu take hawa zuwa da dawowa, shi ya sa mahaifinta ya yarda ya saya mata mota. Dalhatu kuwa ɗan baffanta ne, shi ke shigo da motoci ta Maraɗi, kuma duk dangi sun san ba ciniki kaɗai yake nema a gidan ba. Kafin ta tafi ta karɓi lambar Armiya'u, wai don shawarar mota.

Ba a jima ba shawarar mota ta koma wani abu dabam.

"Malamina, na iso lahiya. Mun karɓi tagwaye yau, na gaji liƙis, amma da na tuna muryarka sai gajiyar ta tahi. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba, Sanyin idona, saƙonki nake jira. Allah Ya raya tagwaye. Ki bar hanya kamin la'asar, don Allah."

Da yardar Innarta ya fara zuwa zance Shinkafi. Abu ɗaya ke ɓata masa rai: duk zuwan da zai yi sai ya tarar da motar Dalhatu a ƙofar gida, ko ya ji an ce yanzu ya fita. Shi a dakalin waje yake tsayawa, Dalhatu kuwa har tsakar gida yake shiga ba shamaki, ya fito yana sakace.

Mota ta biyu da Dalhatu ya kawo, Armiya'u ya kashe ta da gaskiyarsa. Giya tana fizga in za ta canza, an kuma cire ƙwan fitilar gargaɗi don kada ta tona asiri. Sa'adatu ta yi masa godiya har kansa ya yi girma.

Ta ukun ja ce, mai kyau. Suka fita gwaji kan hanyar Kasuwar Daji, Dalhatu na tuƙi, Sa'adatu a gefensa, Armiya'u a baya kamar kayan sawu. Ya kasa kunne ya ji ƙara, babu. Ya jira giya ta fizga, ta ƙi. Can Dalhatu ya juya madubi wajenta ya ce, "Dubi yadda ta karɓe ki, ƙanwata ta kaina." Ita kuma ta murmusa.

Murmushin nan bai fi ƙiftawar ido ba, amma Armiya'u ya ji kamar an watsa masa barkono. Suna tsayawa ya ɗaga kafet, ya sunsuna, ya yamutse fuska.

"Motar ambaliya ta. Ruwa ya taɓa cinye ta, nan gaba wayoyinta za su hwara hauka."

Ko ɗigon tsatsa bai gani ba, kishi ne kawai. Dalhatu ya rantse har ya gaji, amma Sa'adatu ta ce maganar Malaminta ta isa.

Wata ƙawarta, Amatullahi, ta sayi jar motar. Damina ta sauka, mota na ta zirga-zirga tsakanin Zurmi da Ƙaura ko tari ba ta yi. Sa'adatu na bisa kabu-kabu tana kallonta tana wucewa. Ran nan bayan an ɗauke ruwa, babur ya zame da su a taɓo kusa da Zurmi, ta karye a hannu.

Yana cikin aji saƙon ya shigo.

"Armiya'u, makanike ya duba motar Amatullahi, ya ce ba ta taɓa ganin ruwa ba. Ni na ba ka amana. Ina gida da ɗauri a hannu. Kada ka zo, Baba ya hana."

Yau ba Malamina, sunansa ta kira gatsal. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Dama can Alhaji Isah auren zumunci ya fi so, yanzu kuwa ya samu hujja. Ya ce mutumin da zai ɓata kayan wani don haushi ba shi da wurin zama a gidansa. Armiya'u ya kira, ba a ɗauka ba. Ya rubuta, "Na yi kuskure, Sanyin idona. Sonki ne ya rufe min ido, ki gahurta min." Shiru. Ya rame, alli ma sai ya riƙe shi ya manta abin da zai rubuta. Abin haushi, ko a cikin nadamar kishin bai sake shi ba. Da ya tuna Dalhatu na can yana kai mata lemo da ayaba, sai abinci ya fita ransa.

Bayan an kwana biyu wayarsa ta yi ƙara.

"Yaya Dalhatu ya kawo wata. Baba ya ce ta kwana gida, a tashe ta da sahe. Na roƙe shi ya bari kai ka duba. In ta yi, Yaya Dalhatu shi ka kai ni aiki har hannuna ya warke. Na gaya maka tun yanzu don ka sani."

Haka Alhaji ke cinikin shanu: ba ya biya sai saniya ta kwana a turkensa, ya ga tashinta da tuƙarta da idonsa. Ya ce mota ma ba ta fi saniya ba, ya karɓe makulli ya jefa aljihu.

Armiya'u ya kwana wurin wani abokinsa a Shinkafi. Gari na wayewa ya iso. Alhaji na kan buzu a ƙofar gida, Dalhatu ya jingina da bango yana hura hanci, mota kuma ta sha raɓa.

Armiya'u ya taɓa bonet, sanyi ƙalau. Ya karɓi makulli wurin Alhaji ya murza, ta tashi bugu ɗaya. Ya zaga baya ya tsura wa salansa ido, ba shuɗin hayaƙi ba fari. Ruwan lagireto tas, man giya bai ƙone ba. Ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa yana neman yoyo, kuma Allah Ya sani, da addu'ar ya samu yake nema. Ya ja ta zuwa hanyar kasuwa inda ramuka suka fi yawa, giya na shiga sumul. Sai a wani rami ya ji ƙwas daga gaban dama.

Zuciyarsa ta yi tsalle. Robar shokazoba ce ta gaji, gyaran da ba ya cin yini. Amma Alhaji bai san shokazoba ba. In ya ce ƙafar mota ta tafi, magana ta ƙare, Dalhatu ya kwashi kayansa, kujerar gaba ta huta.

Ya dawo ya tsaya. A bakin zaure ya hango Sa'adatu, hannunta rataye a wuya da gyale, ta rame, ba ta ko kallonsa.

"To, Malam, mi ka gani?" in ji Alhaji.

Armiya'u ya durƙusa.

"Baba, lahiyarta lau. Roba guda ta gaji, a canza. Motar kirki Dalhatu yak kawo, ku saye."

Dalhatu ya daina hura hanci.

"Ka san wa ka jan ta?" Alhaji ya tambaya.

"Na sani, Baba."

"Kuma ka ce a saye?"

"Gara in gan ta gaban mota kusa da shi, da in ji ta sake hwaɗuwa." Ya juya ga Dalhatu. "Waccan jar, ƙazahi na yi mata. Ka yahe min."

Ya miƙe zai hau babur, Alhaji ya ce, "Ba a barin ƙohwata da sahe ba a karya ba. Zamna." Aka kawo kunu da ƙosai, ya sha bai san ɗanɗanonsa ba.

Kada wani ya ɗauka daga nan sai biki. An sayi mota, Dalhatu ya shiga kai ta aiki kamar yadda aka ce, kuma dole su ratsa Ƙaura. Sau da yawa Armiya'u na ƙofar makaranta za su wuce, Dalhatu har hon yake danna masa. Ya haɗiye, ya ɗaga hannu, ya koma aji ya huce a kan allo. Abin da ya riƙe shi saƙo ɗaya ne da ya shigo ranar farko.

"Malamina, jikina ne gaban motar ga, zuciyata na bayan babur ɗinka. Ka ƙara haƙuri kaɗan."

Da aka kwance mata ɗauri, Alhaji ya kira ta gaban Innarta. Ya ce ya tsufa a kasuwa, bai cika ganin wanda zai yabi saniyar abokin hamayyarsa ba alhali shi zai kwana ciki. Ya tambaye ta wa take so. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗi sunan a hankali. Ya ce a gaya wa yaron ya turo manyansa.

Dalhatu ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa daga gidan. Amma ranar ɗaurin aure, bayan an sauko Juma'a, sai ga shi a sahun gaba cikin sabuwar shadda. Ya riƙe hannun ango ya ce, "Ka riƙe min ƙanwata da kyau." Armiya'u ya amsa da fara'a, ko da yake wannan "min" ɗin ta ɗan sosa masa rai.

Aka kai amarya Ƙauran Namoda da la'asar sakaliya, mata na ta guɗa. Da jama'a suka watse ya zauna kusa da ita, ya ɗaga mayafin a hankali.

"Malamina," ta ce da murmushi, "har yanzu kana kishin Yaya Dalhatu?"

"Har gobe, Sanyin idona."

"To ka yi ta yi, ina son abina. Amma ƙarya, kada ka ƙara."

"Na ɗauki alkawari."

Ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a, tana amsawa da amin har hawaye suka zubo mata. Mu ma da muka shaida muna cewa Allah Ya sanya albarka, Ya ba su zuriya ɗayyiba, Ya tsare su a gida da kan hanya.