Kaskar Gidan Malam Rabo

Shafa'atu na tsugune tana cire wa kare kaska tana fasawa da farce, sai ta ji an ce, "Baiwar Allah, daina fasa ta da hannu, tana sa ciwo."

Ta ɗago. Salahuddeen ne, malamin dabbobi. Akuyar maƙwabta ya zo dubawa, suna haɗa ido ya manta da akuyar.

Tun da 'yan bindiga suka taso su daga ƙauyensu na Sabuwa, ɗaki ɗaya suke haya a Faskari. Mahaifinta Malam Rabo maharbi ne, ga daji ya gagara. Karnukansa na ɗaure a bakin ɗakin, kaska ta cika su, su da masu su ba mai wurin zuwa.

Kullum Salahuddeen na ƙofar gidan, wai karnuka yake dubawa. Ran da ya ce a nesanta su da makwancin mutane, Malam Rabo ya hasala.

"Haushinsu ya cece mu ran da aka shigo mana! Kai ne kaskar, ka manne mani a gida. Kar in ƙara ganin ka."

Shafa'atu ta tura masa saƙo: "Kaskata, ka yi haƙuri. Ko zaure an hana ni leƙawa."

Ya amsa: "Sanyin idona, ina nan manne. Ki dai daina fasa su."

Ba ta daina ba, wa zai yi in ba ita ba? Zazzaɓi ya kayar da ita, maganin maleriya na kemis ya kasa. Ta tuna gargaɗinsa, tana rawar ɗari tana cewa, "Kaska, Baba... kaska."

Malam Rabo ya ɗauka saurayin take kira. Ya cije, ya cije, har tsoron rasa ta ya fi ƙarfin fushinsa. Da ƙafarsa ya je.

"Taso, kai take kira."

Salahuddeen na ganin tabon cizo a hannunta ya ce, "Baba, ba ni take nufi ba."

Duk da tsoron hanya, ya kai su asibiti a Ƙanƙara, ya gaya wa likita cizon kaska ne. Aka sauya magani, ta tashi. Karnukan ma aka wanke su da magani, aka yi musu rumfa can gefe.

Ran ɗaurin aure, Malam Rabo ya riƙe hannun ango, idonsa ya ciko.

"Waccan kaskar ta so raba ni da ɗiyata, Allah bai ba ta ba. Kai na ba. Ka manne mata, kar ka saki. Allah Ya yi maku albarka."