Hansai da Wuƙa Mai Taya

A wani gari can da nisa, an yi wata yarinya mai suna Hansai, wadda ta ɗaura aniyar ɗinka wa jaririn yayarta bargon ƙyallaye kafin ranar suna. Sai ta tafi wurin Gwaggo Tabawa maɗinkiya. Gwaggo ta ba ta wata wuƙa mai kama da ƙaramar taya, wadda ake gangarawa a kan yadi ta gefen rula don a yanka shi.

Gwaggo ta ce, "Danne rula, tura gaba."

To, hannun Hansai ya saba da yankan kuɓewa, inda ake jawo wuƙa wajen babban yatsa. Ta danne rula, ta jawo baya. Rula ta zame, ƙyalle ya fito kamar ɓera ya ci.

"Tura gaba, 'yar nan! Miya na sa ki?"

Ta sake, hannu ya sake jawowa. Haka ƙyallaye suka yi ta lalacewa, har ya rage zane ɗaya tak.

Gwaggo ta ce, "Kawo in yanka miki."

"A'a, Gwaggo, ni na yi alkawari."

Hansai ta tattaro tsofaffin takardu, ta yini tana yanka, tana maƙale murya kamar ta Gwaggo: "Tura gaba, 'yar nan!" Gwaggo ta jefe ta da ƙullin zare tana dariya.

Sai da hannu ya ji magana, sannan ta shimfiɗa zanen. Ta danne rula, ta tura gaba. Yanka ya fita sambal.

Bargon dai ya fito ɗan ƙarami, don abin da ya lalace bai dawo ba. Amma ai jaririn ma ƙarami ne. Ranar suna aka naɗe shi a ciki tsaf, ya yi ta barcinsa.