Watan Rufe Ƙofa

A bakin tukunya Deming ya fara ganin Yunshu, tana tafasa gidajen tsutsar siliki tana jawo zare. Daga jami'ar Huzhou aka aiko shi ɗibar samfurin siliki, amma bawan Allah sai ya manta abin da ya kawo shi.

Don ya burge ta ya shiga karatu. Ya ce mata wai furotin, sinadarin gina jiki, iri biyu ne. Akwai dunƙulalle, irin na farin ƙwai da na cikin jini, mai narkewa a ruwa yana zirga-zirgar aiki, zafi kaɗan ya lalata shi. Akwai kuma dogo mai zare, irin na gashi da siliki, wanda ba ya narkewa, aikinsa riƙewa.

"To kai wanne ne?" ta tambaya ba ta ko ɗago ba. "Na ga tururi kaɗan ya dafa ka, Malam Ƙwai."

Sunan ya bi shi, soyayya ta bi sunan.

Sai watan rufe ƙofa ya kama. Kaka Shen, wadda ta raini Yunshu, ta manna jar takarda a ƙofa. Baƙo ba ya shiga, ba a ɗaga murya, har sai tsutsotsin sun yi saƙa. Deming ya yi ta turo saƙo: "Alharinina, kewarki ta hana ni cin abinci." Ita kuwa ta amsa: "Yi haƙuri, yaran Kaka, tsutsotsin nan, sun fi ka ci. Kada ka zo."

Ɗan birni bai san wasa da gaske ba. Da ya ji ana cewa ɗan mai sayen siliki ya aiko neman aurenta, kishi ya ɗebe shi, ya tura ƙofar da tsakar rana.

Sautin cin ganyen da tsutsotsin ke yi kamar yayyafi yake a cikin gida, dare da rana ba ya tsayawa. Deming na sa ƙafa, sautin ya ɗauke ɗif. Dubban tsutsotsi a kan faya-fayai suka ɗaga kai, suka sandare, kowacce fuskarta na kallon ƙofa. Deming ya san barcin sake fata suke yi, ya karanta a littafi. Duk da haka gashin jikinsa ya miƙe, don littafin bai ce za su juyo gare shi ba.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Cikin raɗa ta ce tsutsotsin sun gan shi, hukunci nasu ne. In sun ɓata saƙa, ƙafarsa ba ta da alheri, kuma ba za ta ba shi ko zare ɗaya daga gidan nan ba, balle jika.

Yunshu ta yi kuka har ta gode Allah. "Ka kashe mu," ta rubuta masa. "Amma har yanzu kai nake so."

Da saƙa ta kammala aka cire jar takardar. Gidajen suka fito manya, karkatattu, ba kyan gani. Ɗan mai sayen siliki ya juya ɗaya a hannu, ya taɓe baki, ya ce zaren nan ba zai warwaru ba, ya yi gaba. Deming na tsaye a bakin ƙofa, zuciyarsa ta gama karaya.

Kaka ta ɗauki almakashi ta tsaga ɗaya. Tsutsa biyu ne kwance ciki, gefe da gefe. Ta tsaga wani, biyu. Wani ma biyu. Ta ajiye almakashin. Rabon da ta ga haka da yawa, in ji ta, tun shekarar da aka kawo ta gidan nan amarya.

"Asara ce, Kaka?" Yunshu ta tambaya a hankali.

"Asara ce mana, ja'ira. Zare biyu ya harɗe, ba mai raba shi. Bargon amare kawai ake yi da irinsa." Ta dubi Deming. "Shigo. Cire takalmi, mara kunya."

Da lokacin sanyi ya kama aka yi biki. Tsofaffin ƙauyen suka ja silikin, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har bargon ya yi kauri. Kaka ta lulluɓa musu a kafaɗa da hannunta, ta ce, "Ku tsufa a ƙarƙashinsa, gashinku ya yi fari tare."