Sun Yi Shiru a Bakin Ƙofa

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe waya ta shigo caji ofis cewa an kashe mutum a makarantar sakandare. Insfekta ya ajiye biro, ya ɗauki hula, ya ce wa Saje ya tayar da mota. Shekara ashirin da shida yana ganin abin da ɗan Adam ke yi wa ɗan'uwansa. Mamaki ya bar shi tuntuni, haushi ne bai bar shi ba.

Shugaban makarantar ya tare su a bakin ƙofa, rigarsa sharkaf da gumi.

"Wa aka kashe?" in ji Insfekta.

"Darakta, ranka ya daɗe. Haka yara ke kiransa. Mun ɗauko shi ya koya musu yin fim."

"Fim kuma? A makaranta?"

"Dole ce ta sa. 'Yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo sun shekara suna fasa wa juna kai. Mun yi duka, mun yi kora, abin bai mutu ba. Sai aka ce a haɗa su aiki ɗaya, shida daga nan, shida daga can. Mako biyu ke nan, kuma wallahi har a kwano ɗaya suka fara cin abinci."

Tsohon ɗakin ajiyar littattafai suka mayar wurin ɗaukar fim. An rufe tagogi da baƙin ƙyalle, fitilu biyu na ci har yanzu. Darakta na kwance rubda ciki tsakanin wayoyi, ƙeyarsa ta lotsa, jini ya malala har ƙarƙashin kabad. Ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara yana yashe a gefensa, gashi da fata manne a kansa. Yatsunsa uku sun karye, alamar ya kare kansa kafin a ci ƙarfinsa.

"Wannan ba bugu ɗaya ba ne," in ji Saje.

"Ba kuma biyar ba ne."

A jikin ƙofa, ta waje, an rataya wani allo da jan rubutu: ANA ƊAUKA, SHIRU. Akwai kuma wata ƙaramar ƙofa ta baya, a buɗe.

"Ai an gama muku aiki, Yallaɓai," wata murya ta faɗa daga baranda. Malamin ladabtarwa ne, ƙaton mutum mai kaurin wuya, yana jan wani yaro ta kwalar riga. An ɗaure hannun yaron da igiyar tuta, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓe ya fashe, farar rigarsa ta yi jawur daga ƙirji zuwa ciki. "Guduma ake ce masa. Shi ne shugaban 'yan iskan ɗakin kwana. A bayan famfo na kama shi yana wanke jini."

"Kai ka yi masa wannan kamannin?"

"Ya so ya gudu."

"Ban gudu ba," in ji yaron. Malamin ya kwaɗa masa mari har kansa ya bugi ginshiƙi.

"Ka sake taɓa shi, kai zan fara ɗaurewa," in ji Insfekta, bai ko ɗaga murya ba. Ya sa Saje ya kwance igiyar ya maye ta da ankwa. Doka ce. Yaro mai tarihin faɗa, ga jini a riga, ga babba ya ba da shaida. Insfekta ya san in ya shigar da shi mota a haka, ɗan shekara goma sha bakwai ɗin nan sai ya yi furfura a kurkuku.

Ya zaunar da shi a wani aji.

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"A ɗakin kwana."

"Ƙarya ta farko. An gan ka a famfo."

Guduma ya sunkuyar da kai. "Sukari na sata a kicin, Baba. Shi ya sa."

"Sukari?"

"Na haɗa jini. Ni ne mugu a fim ɗin, yau za a soke ni. Sukari da ruwan zafi da jan kala, haka Darakta ya koya mana."

Saje ya dangwala yatsa a rigar, ya shinshina, ya lasa. "Yallaɓai, in wannan jini ne, a ba ni kofi guda da burodi."

Insfekta bai yi dariya ba. Rigar ta wanke kanta, amma ba ta wanke yaron ba. Mai jinin ƙarya a riga ma yana iya kisa.

Ya tara sauran goma sha ɗayan. Suka tsaya a jere, babu mai kallon wani. Wani dogo daga 'yan jeka-ka-dawo ne ya yi magana.

"Mun dawo daga hutun tara muka tarar da allon a ƙofa. Ƙa'ida ce, in allon na rataye, ba mai shiga, ba mai tari. Ko Shugaba Darakta ya taɓa korawa."

"Kun ji wani abu?"

"Mun ji ana buge-buge. Mun ji ihu."

"Kuka yi me?"

"Faɗa za a ɗauka yau, Yallaɓai. Muka ɗauka gwaji suke yi da Guduma. Har na ce wa na kusa da ni, kai, yau ihun ya yi kyau."

Minti ashirin suka yi tsaye, yara masu biyayya, ana kashe malaminsu taku huɗu daga inda suke. Wanda ya rataya allon ya san abin da yake yi.

Insfekta ya koma kan gawar. Kyamara na ƙasa, an cire katin da hotuna ke ciki, amma an ɓalle murfin, an ƙwaƙule ramin da wani abu mai tsini. Ya kira dogon yaron.

"Yaya ake fitar da katin nan?"

"Dannawa ake yi, ya fito da kansa. Ranar farko aka koya mana."

"Guduma ya iya?"

"Shi ke cire shi kullum."

Insfekta ya tsuguna, ya ɗaga gefen rigar mamacin. A bel ɗinsa akwai wani ɗan akwati kamar na ashana, koriyar fitilarsa na ci, siririyar waya ta bi ta cikin riga zuwa kwala.

"Wannan fa?"

"Makirfo ne. Mu ba a kyamara muke ɗaukar murya ba, daban ake ɗauka. Rikoda na wurin 'Yar Sauti."

'Yar Sauti siririyar yarinya ce mai tabarau, ta rungume jakarta kamar za a ƙwace mata.

"'Yata, kin kunna rikoda yau?"

"Batir ya mutu."

"Wa ya saka wa Darakta makirfo?"

"Ni. Gwaji muke yi kafin tara."

"Da mataccen batir?"

Ta ƙara rungume jakar. Insfekta ya ja kujera ya zauna, don kada ya yi mata tsaye a ka.

"Guduma fa, kin san shi?"

"Bara ya jefe ni da dutse." Ta share hanci. "Yanzu shi ke riƙe mini sandar makirfo in hannuna ya gaji."

"To, an jima zan tafi da shi. In ya shiga, ba zai fito ba. Wa kike tsoro?"

"A gidansa nake zaune, Baba. Kawuna ne. Ni na jawo, ni na faɗa a gida abin da muka ɗauka, ban san zai zama haka ba." Ta zuge jakar. "Na manta ban kashe ba da za mu fita. Bayan an ga gawar na saurara."

A ofishin Shugaba aka kunna, Malamin ladabtarwa na tsaye ya harɗe hannu. Aka ji ƙofa ta rufe. Aka ji muryarsa, babu mai ɓata ta: "Ba ni katin." Aka ji Darakta: "Yara uku sun faɗa a gaban kyamara cewa yaron da ya mutu bara ba daga bene ya faɗo ba, kai ka tattake shi. Ba zan goge ba, Malam." Sai ƙarar ƙarfe a kan ƙashi. Sai kuma wata.

Ba a kai ta uku ba Malamin ya suri kujera ya maka wa Saje a kafaɗa, ya yi kan yarinyar da hannu biyu. "Munafuka, da abincina kika girma." Insfekta ya tare shi da gwiwa a ciki, ya murɗe hannunsa ta baya, ya haɗa fuskarsa da teburin har gilashin da ke kai ya tsage. Sai da su biyu suka hau shi kafin ya daina shure-shure. A aljihun wandonsa aka sami katin, da ƙusar da ya ƙwaƙule shi da ita.

"Sau nawa ka buge shi?"

"Ban ƙirga ba." Jini na zuba daga hancinsa kan takardun Shugaba. "Shekara goma sha tara ina riƙe da makarantar nan da hannuna. Wani ɗan wasan kwaikwayo ya zo ya ba yara baki. Katin kawai na ce ya ba ni."

"Shi kuma yaron da ka kawo mini a ɗaure?"

"Wannan ai ko yau ko gobe kurkuku zai ƙare."

Ankwa ɗaya suka zo da ita. Insfekta da kansa ya cire ta daga hannun Guduma, ya danna wa Malamin har ta kama nama. Saje ya tasa ƙeyarsa zuwa mota, yana dafe da kafaɗa. Insfekta ya ce wa Shugaba kada yarinyar ta koma gidan nan, a nemo uwarta yau, kuma fayil ɗin yaron bara zai sake buɗuwa, shi ma ya shirya amsa tambayoyi.

Motar asibiti ta iso da direba da ma'aikaci ɗaya tsoho, ga matakala goma sha biyu tsakanin ɗakin da fili. Suka tsaya suna duban gadon ɗaukar gawa.

Guduma ya matso, ido ɗaya a rufe, ya kama kusurwa guda. Ya dubi dogon yaron nan na 'yan jeka-ka-dawo.

"Kama can," ya ce. "A hankali da kansa."