Tsumman Cikin Famfo

Tun da suka tare a gidan nan na sama, famfon ruwan zafi na banɗaki bai taɓa zuba yadda ya kamata ba. In an murɗa shi sai ya yi tari, ya tofo ɗan ruwa, ya yi shiru. Ga Auta da jariri mai mura, likita ta ce kada ruwan sanyi ya taɓa shi, maigidanta kuma direban babbar mota ne, yana can kan hanya.

Ran nan da yamma ta kasa zama. Ta zauna ta miƙe, ta leƙa banɗaki ta dawo. Ƙarshe ta kira mahaifinta a waya, tsohon mai gyaran famfo da ciwon gwiwa ya zaunar. Ya yi ta mata dariya, wai 'yar da ke gudun riƙe masa sifana yau ta zo hannu. Ya sa ta taɓa bututun da ya fito daga hita, ta ji shi da zafi. Ya sa ta buɗe na sanyi, yana zuba sosai. Ya ce to hita ba ta da laifi, cutar tana cikin kan famfon: ko roba ta cinye, ko datti ya toshe.

"Amma ki bari sai da safe, Auta. Magariba ta kawo jiki."

"Yanzun nan zan gama, Baba."

Ta shimfiɗa tawul a bahon roba, ta kwantar da yaron, ta ajiye shi daga cikin ƙofa inda za ta riƙa ganinsa. Ta rufe ruwan daga waje, ta kama kan famfon da sifana ta kwance. Robar lafiyarta lau. Can ciki kuwa akwai wani abu baƙi.

Ta zaƙulo shi da ƙusa. Tsumma ne siriri, an naɗe shi da dogon gashi, an yi masa ƙulli ƙanana waɗanda yatsan mutum ba zai iya ba. Yana warin jiƙaƙƙen toka. Ta ce a ranta aikin waɗanda suka tashi daga gidan ne. Ta yar da shi, ta mayar da kan famfon, ta je ta saki ruwa.

Daga nesa aka fara kiran salla.

Ta murɗa famfon har ƙarshe. Ruwa ya ɓarke yana tafasa, ya bi kan tayil ya nufi rariyar da ke kusurwa. Murna ta hana ta tara bokiti. Ta san dai ba a watsa ruwan zafi a ƙasa ba bismilla, saboda maƙwabtan da ido ba ya gani. To amma banɗaki ne, ba a ambaton sunan Allah a ciki, ita kuma ba ta faɗa ba tun daga bakin ƙofa.

Sai jariri ya tsala ihu.

Ta juya. Nata yana kwance shiru, idonsa a buɗe, yana kallon kusurwa.

Daga rariya kukan ke fitowa.

Tururi ya cika ɗakin. Ƙofa ta rufe a hankali. Ƙaurin gashi ya tashi. Ta kai hannu ta rufe famfon, kan ya yi ta juyawa a banza.

"Sau nawa zan toshe shi?"

Muryar mace ce, a shaƙe, irin ta wadda ta daɗe ba ta yi barci ba.

"A nan nake kwantar da shi. Naki ma sai ya ji."

Bahon ya motsa.

Ya fara zamewa a kan tayil, yana nufar ƙarƙashin famfon. Auta ta faɗa ta damƙi bakinsa. Wani abu ya ja daga ɗaya gefen. Jiƙaƙƙen gashi ya kwanta a wuyan hannunta, sanyi ƙalau.

Ƙafar yaron ta kusa ruwan.

Ta tare ruwan da hannunta na hagu. Zafin ya kai mata har ƙwaƙwalwa, ba ta janye ba. Ta danne bahon da gwiwa, ta miƙa ɗaya hannun ta buɗe famfon sanyi duka.

"Sa shi a ciki, 'yar'uwa," ta ce da raɗa. "Kada ki shafa masa komai. Bar ruwan ya yi ta bi ta kai. Ban san kuna nan ba."



Ruwan sanyi ya rinjayi na zafi, yana gangarawa rariya.

Ihun ya koma kuka. Kukan ya koma shassheƙa.

Gashin ya sulale daga hannunta.

Ta sungumi ɗanta ta bangaje ƙofa. Sai da ta rufe ruwan daga waje bakinta ya buɗe, ta durƙusa tana Ayatul Kursiyyu, tana duba yaron gaɓa gaɓa. Ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Da safe mahaifinta ya hau benen yana dafa bango. Ya saurare ta har ta gama, ya dubi hannunta da ya yi bororo, bai tsokane ta ba. Ya yanke bututun ruwan zafin ya toshe bakinsa.

Hannun ya warke ya bar tabo. Yaron yanzu har yana rarrafe, amma kafin rana ta faɗi Auta ta kulle banɗaki ta goya shi. Famfon sanyi kuwa ba ta ƙara matse shi ba, kullum yana tsiyaya kaɗan kaɗan zuwa kusurwa. Da maigidanta ya dawo ya ɗauko sifana zai gyara, ta riƙe masa hannu.

"Bar shi," ta ce. "Akwai mai jinya."