Rabin Juyin Sifana

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda, aka ce wani mai babur ya faɗa rami a kwanar da ke ƙasan gangara, can bayan gari. Sufeto ya ajiye shayinsa ko kurɓa bai yi ba, ya ɗauki hularsa. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, amma har yau in aka ce gawa sai gabansa ya faɗi. Ya dai iya ɓoyewa ne kawai.

Da suka isa, an riga an rufe mamacin da mayafi. Dattijo ne, hular kwanonsa tana kansa, a ɗaure tsaf. Mutanen wurin sun san shi. Dogo ake ce masa, tsohon malamin makaranta, wanda tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai doguwar tafiya a kan babur.

Babur ɗin yana kwance a gefe, ƙato, irin na masu cin dogon zango, da akwatuna biyu a baya da gilashin tare iska a gaba. Sabo ne fil, ko ledar sirdi ba a gama cirewa ba.

Saje, wanda ya rako shi, ya girgiza kai. "Gudu ne, yallaɓai. Tsoho ya samu sabon abu, ya manta shekarunsa."

"Ka gan shi yana gudun?"

"A'a, yallaɓai."

"To riƙe bakinka tukuna."

Sufeto ya tsuguna ya matsa hannun birkin gaba. Ya tafi zuruf har ya taɓa kan babur, babu wani abin da ya tare shi. Ya buɗe ɗan kofin man birki, ya tarar da shi a bushe ƙayau. Sai ya miƙe ya hau gangarar da ƙafa, idonsa a kan kwalta. Ga ɗigon mai nan, ɗaya nan, ɗaya can, har saman tudu. Birkin baya kaɗai kuwa ba zai riƙe wannan nauyi a irin wannan gangara ba.

"A ɗauki babur ɗin a kai ofis," in ji shi. "Kada wanda ya goge komai."

Gidan Dogo ya cika da masu ta'aziyya. 'Yarsa, wadda kowa ke kira Auta, ma'aikaciyar jinya ce, ko kayan aikinta ba ta cire ba. Ta kai Sufeto ƙarƙashin rumfa, inda wani tsohon babur yake tsaye, fentinsa ya koɗe, tankinsa duk tabo.

"Wannan ita ce Tsohuwa," ta ce. "Haka Baba yake kiranta. Shekara goma sha tara yana kanta, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Ni na ce ta tsufa. Ni na saya masa sabon, shekaranjiya aka kawo. Yallaɓai, ni na kashe ubana."

"Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. Ya yi miki ƙorafin babur ɗin?"

Ta ciro waya. Ashe Dogo yana da ɗabi'a, duk inda ya tsaya sai ya aika mata saƙon murya. Ta kunna na jiya da yamma, muryar wani mutum mai fara'a ta cika rumfar.

"Auta, na zaga da shi. Kai, wannan ba babur ba ne, falo ne! Ya fi Tsohuwa nauyi da tsawo, ni da ake ce wa Dogo sai da na yi ɗage. Ita sai ka buga ta sau biyar, ka lallashe ta, kafin ta tashi. Shi kuwa maɓalli ɗaya. Giya shida gare shi. Ita in ta kai tamanin haƙorana har kaɗawa suke, shi kuwa na ga fuskata sarai a madubi, na ce ashe haka na tsufa. Birkinsa da mai yake aiki, ba waya irin nata ba, yatsa ɗaya na sa ya tsaya cak. Aibinsa ɗaya, shiru ya yi masa yawa. Tsohuwa tana yi mini hira a hanya, in wani wuri yana mata ciwo na sani. Wannan bai san ni ba tukuna. Amma na gode, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Auta ta toshe bakinta da hannu. Sufeto ya kau da kai ya kalli bango, don shi ma yana da 'ya.

"Shi ke nan saƙon?"

"Shi ke nan."

Ba shi ke nan ba. Sufeto ya riga ya hango wani saƙon a ƙasan wancan, na ƙarfe bakwai da arba'in na safiyar yau, ba a buɗe shi ba. Ya bar shi tukuna. Abin da ya zo nema ya samu: jiya da yamma birkin lafiyarsa lau.

Manajan kantin da aka sayi babur ɗin ya zo ofis da rana, yana gumi cikin kwat.

"Yallaɓai, mun gargaɗe shi kan gudu. Har sau biyu."

"Kai ka miƙa masa makulli?"

"To... ba na nan ranar."

"To yaya aka yi ka gargaɗe shi?"

Manaja ya share gumi. Injiniyarsu da suka zo tare ce ta cece shi, wata mata mai ƙarancin magana. Ta durƙusa wajen tayar gaba, ta haska da fitilar waya.

"Duba nan, yallaɓai. Kowane noti in mun ɗaure shi, muna ɗiga masa fenti ruwan ɗorawa, rabi a kan notin, rabi a jikin ƙarfe. Duk suna daidai, ban da wannan ƙaramin. Ta nan ake fitar da iska daga birki. An kwance shi rabin juyi."

"Girgiza ba za ta kwance shi ba?"

"Ba za ta yi ba. Ga sawun sifana. In aka bar shi haka, duk matsa birki sai ya tofar da mai. A cikin gari ba za ka gane ba. Sai ka hau gangara."

"Wane makanike ne zai yi haka?"

Ta kashe fitilar wayar. "Wanda bai san irin wannan birkin ba. A tsohon samfurin, daidai wurin nan akwai notin da ake sassauta wayar birki da shi."

Ba a sha wahalar gano wanda ke gyara Tsohuwa ba. Gareji ne ɗan ƙarami a bakin titi, rufin kwano, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai. Mai shi tsoho ne gajere, abokin Dogo tun suna samari, shi ya sa Auta take ce masa Kawu. Yana zaune a kan benci, babu aiki a gabansa, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur.

Sufeto ya ce, "Sannu da haƙuri, Baba. Ka ga sabon babur ɗin?"

"Ban gan shi ba. Me zai kawo shi nan? Na kamfani ne, su suke duba abinsu da kwamfuta."

"Yaushe rabonka da marigayi?"

"Kwana uku. Ko huɗu."

"An ce ba ya tafiya sai ka duba masa babur."

"Da ke nan."

Sufeto ya zaga cikin garejin, hannunsa a baya. A jikin bango akwai allo, sifanoni a rataye bisa ƙusoshi, daga babba zuwa ƙarami. Duk sun yi baƙi ƙirin da giris, kamar yadda kayan aikin mai aiki suke. Ɗaya tak, ƙarama, tana ƙyalli, tana warin fetur.

"Wannan ita kaɗai ta yi wanka yau?"

Kawu bai ɗaga kai ba. "Datti ta yi."

Sufeto ya sa ta a leda. A can cikin haƙorinta, inda tsumma bai kai ba, akwai ɗan ɓurɓushin fenti ruwan ɗorawa. Wallahi bai ji daɗin ganinsa ba. Akwai binciken da in ka gano bakin zaren sai ka ji kamar ka mayar da shi.

"Taso, Baba. Mu je ka yi wa 'yarka gaisuwa."

Da la'asar su uku suka tsaya a ƙarƙashin rumfar, Tsohuwa a tsakaninsu, Saje yana bakin ƙofa. Auta na ganin Kawu ta fashe da kuka, ta riƙe hannunsa.

"Akwai saƙon da ba ki buɗe ba," in ji Sufeto a hankali.

Ta sunkuyar da kai. "Tsoro nake ji. In ya ce babur ɗin ne yake ba shi matsala fa? Da wane ido zan kalli kaina?"

"In ba ki ji ba, haka za ki yi ta ɗaukar abin har ƙarshen ranki. Kunna."

Ta danna.

"Auta, na kama hanya. Na biya ta wurin kawunki, kin san ba na tafiya sai ya ɗora hannu. Yana ta cika yana batsewa, wai na yi sabon aboki. Na bar masa babur ɗin na tsallaka sayen ruwa, da na dawo ya ce ya duba, in na ji wani abu in juyo. Ki bar ni da shi. In na dawo, Tsohuwa zan ba shi, kyauta, da takardunta. Shi ya raine ta, ya fi kowa cancanta. Kada ki faɗa masa fa, so nake in ga fuskarsa."

Sai ga Kawu ya zube ƙasa a kan gwiwoyinsa.

"Rabin juyi ne," ya ce. "Rabin juyi kawai na yi."

Auta ta saki hannunsa.

"Yi bayani," in ji Sufeto.

"Shekara goma sha tara, duk tafiyar da zai yi, a bencina take farawa. Mu sha shayi, in matsa nan, in saurara can. Da safen nan ya zo yana ta yabon wannan, wai ba ya buƙatar kowa sai bayan kilomita dubu goma, shi ma a kamfani. Sai na ji kamar an kore ni daga gidana. Na ga ɗan noti a inda na Tsohuwa yake. Ita in ka sassauta shi rabin juyi, birki laushi kawai yake yi, ya kama amma ba daɗi. Na ce kafin ya fita gari zai ji, ya juyo, in ɗaure masa, in yi masa dariya in ce ga kwamfutarka nan. Na zauna ina jiransa. Har shayi na sake dafawa." Ya dafe kansa. "So nake ya dawo wurina, yallaɓai. Shi ke nan abin da nake so."

Can Auta ta ce, "Kawu, tun safe nake cewa ni ce. Da ka ji labari, ka san ni na saya masa, ka zauna kana wanke sifana?"



Saje ya matso da ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Ina tsohon nan zai gudu ya je? Ya kama shi ya tashe shi tsaye.

"Ba kyautarki ba ce ta kashe shi," ya ce wa Auta. "Zan rubuta haka a rahoto, in kawo miki ki karanta da idonki. Kuma babanki ba gudu yake yi ba."

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. An sauke mata kaya ɗaya, an ɗora mata wani, kuma Sufeto ya san babu rahoton da zai ɗauke wannan.

Za su wuce ta gefen Tsohuwa, hannun Kawu ya miƙa da kansa, kamar yadda ya saba shekara goma sha tara, ya matsa birkinta. Ya kama gam.

Ya daɗe bai saki ba. Sai da Sufeto ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mu tafi, Baba," sannan ya cire yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, suka fita zuwa mota.