Ƙarfen da Bai Huce Ba

Da almuru Maƙeri da yayansa suna dawowa daga gyaran ƙofar wata gona, jakar kayan aiki a kafaɗa, Yaya sai mitar yunwa yake. Kawai sai sama ta tsage. Wani dunƙulen wuta, kai kore, wutsiya ja, ya keto ta bisa kansu yana feshin tartsatsi, har suka ga inuwarsu kamar da rana. Ya faɗa bayan wasu bishiyoyi. Ƙasa ta girgiza, gyare suka yi tsit.

"Jifan aljani ne," in ji Yaya ƙasa-ƙasa. "Satar jin zancen sama ya je, aka jefo shi. Mu wuce."

Amma akwai nishi. Nishin mutum sak.

Shi kuwa Maƙeri, kunnen ƙashi tun na yarinta. Ya kutsa. Cikin wani rami mai hayaƙi ga wani dogon abu kwance rub da ciki, jan ƙarfe ya huda bayansa ya kafe shi da ƙasa. Ƙaurin gashi da nama ya cika wurin.

"Bawan Allah, zare mini," abin ya ce.

Wanda ya tsufa a maƙera, in ya ga jan ƙarfe hannunsa ba ya shawara da shi, don ya san in ya huce ba zai zaru ba. Kafin Yaya ya ce kul, Maƙeri ya ciro awartaki daga jaka ya kama ƙarfen da shi. Ya fizge.

Abin ya miƙe. Ya yi ta miƙewa har ya wuce bishiyoyin.

Ya dubi sama, inda wata wutar ta fara ƙyalli. Sai ya suri Yaya ta ƙafa, ya maka shi da ƙasa don ya daina zillo, ya ɗaga shi bisa kansa ya yi garkuwa da shi. Maƙeri ya ji karyewar ƙashi. Jini na ɗiga kan toka yana cuu.

Wutar na tahowa. Kan Yaya za ta sauka.

Awartakin ya suɓuce. Maƙeri ya damƙi ƙarfen da tsurar hannu, ya yi bisimilla, ya kafa shi a ƙafar abin, ya sauke masa guduma.

Ya ƙara. Naman tafinsa na narkewa. Ya ƙara.

Abin ya kurma ihu, ya durƙushe, ya kai baki kunnen Yaya ya raɗa masa wata magana, sannan ya yar da shi. Maƙeri ya ja ɗan'uwansa a ƙasa, bai waiwaya ba. Bayansu duniya ta yi fari fat.

Yaya ya rayu, da sanda yake tafiya. Yatsun Maƙeri na dama sun manne. An yi tambayar duniya, Yaya ya ƙi faɗin abin da aka raɗa masa. Sai dai mutumin da ko ranar rasuwar mahaifiyarsu bai yi kuka ba, yanzu da ya kalli ƙanensa sai hawaye.

Shekaranjiya matar Yaya ta iske mijinta a ɗaki yana ɗinkin likkafani. Ta auna da ido, ya yi masa tsawo.

Maƙeri ne dogo a gidan.